Gamsheƙa tana cin maciji, ba jifa ba ne

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa da ya ce ya tarar da gamsheƙa bayan rumbunsa tana haɗiyar wani maciji, har mutanen gida na cewa jifa aka yi masa: kwantar da hankalinka Malam, kalaci kawai take yi.

Na daɗe ina noman shinkafa a fadamar Argungu, na kuma sha ganin haka. Gamsheƙa ba ta da zaɓen abinci. Kwaɗo ta fi so, amma tana cin ɓera, ƙadangare, ƙwai, 'yan tsaki, in ta samu maciji ɗan'uwanta ta haɗa da shi, har kasa mai dafin nan. Ta kai take farawa. Wata rana lokacin yankan shinkafa mun tsaya daga nesa muna kallon wata gamsheƙa tana haɗiyar maciji, tana jan muƙamuƙin dama gaba, sannan na hagu, a hankali, jelar wancan tana ta motsi a waje har ta ɓace. Ƙashin haɓar maciji biyu ne, ba a haɗe suke ba, shi ya sa yake haɗiye abin da ya fi kansa kauri. Maciji ma ya fi ɓera sauƙin wucewa, tunda dogo ne siriri.

Ba nan kaɗai ba. A Indiya da kudu maso gabashin Asiya akwai ƙaton kumurci da tsawonsa yana iya haura mita 5, kusan duk abincinsa macizai ne. Mu ma muna da wani mai duhun launi da kaushin fata, ƙashin bayansa ya yi tudu, ba ya da dafin da zai cuci mutum, macizai yake farauta har masu dafi. Yana ba ni takaici in ga an kashe shi.

Sauran kowa da nasa. Kasa kwanton ɓauna take yi wa ɓera, kububuwa har kunama da shanshani tana ci, mesa kuwa in ta haɗiye babbar dabba sai ta yi watanni ba ta nemi komai ba. Zancen wai maciji na tsotson nonon saniya, wannan babu shi.

Abin da ya kamata ya dame ka shi ne me ya tara macizai biyu a gindin rumbunka. Hatsi ya kira ɓera, ɓera ya kira su. Ka share zubabben hatsi da ƙaiƙayi, ka toshe ramuka, ka nisanta tarin itace da akurkin kaji daga ɗakin kwana, a hana ruwa kwanciya wajen randa saboda kwaɗi. In ka sake ganin gamsheƙar tana cin maciji kada ka matsa, tana iya amayar da shi nan take ta feso maka dafi a ido. In hakan ta faru a wanke idon da ruwa mai yawa, a wuce asibiti.