Neman kakan da ya tafi yaƙin Bama

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda za ka gano makwancin kakanka da ya tafi yaƙin Bama (ƙasar Myanmar ta yau) a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu bai dawo ba. Ka fara neman lambarsa ta soja, ko a tsohuwar wasiƙa da ke ƙasan adakar kakarka, domin Turawa kan haɗa sunan mutum da na garinsa, a ce wane Kano ko wane Sakkwato, sai sunaye su yi ta karo. Da wannan lamba za ka bincika rajistar Commonwealth War Graves Commission, hukumar kula da kaburburan sojojin ƙasashen Commonwealth, a intanet. Idan yana runduna ta 81 ko ta 82 ta sojojin Afirka ta Yamma kuma ba a san kabarinsa ba, mai yiwuwa sunansa na jikin bangon tunawa na maƙabartar Taukkyan, kusa da Yangon, cikin sunaye kusan 27,000. Allah ya jiƙansa da rahama.