Me ya sa tuwita ke ƙonewa alhali akwai filta a gabanta?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ni ke haɗa kayan sautin masallacin unguwarmu. Na gina filta mai barin manyan mitoci (wato siraran sautuka) su wuce a kan of-amf TL072 (ƙaramin guntun lantarki, wato IC, mai ƙara ƙarfin sigina), da rizisto 10k da kafasito 10nF, amma tuwita (ƙaramar lasifika mai fitar da siririn sauti) biyu sun ƙone a jere. Wani mai gyara ya ce IC ɗin ne ba shi da ƙarfi. Hankalina ya tashi, domin kuɗin jama'a ne.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, kada ka taɓa IC ɗin. Iyakar aikin TL072 ta kai kusan 3 MHz (wato 3,000 kHz), alhali jin kunnen ɗan Adam bai wuce 20 kHz ba.

Matsalar tana cikin wata fahimta da nake cin karo da ita kullum, wato ɗaukar mitar yanke (mitar da daga ita zuwa ƙasa filta ke rage sauti sosai) tamkar katanga, wai duk abin da ke ƙasa da ita ba ya wucewa. Wannan kuskure ne mai cinye dukiya. Rizisto da kafasiton da ka ambata suna ba da mitar yanke ta kimanin 1.6 kHz, kuma a daidai nan raguwar 3 dB ce kawai, ma'ana rabin ƙarfin yana isa ga tuwita. Tun da filtar taka mai mataki ɗaya ce, gangararta ba ta wuce 6 dB duk lokacin da mita ta ragu da rabi, saboda haka a 800 Hz, inda muryar liman take da nauyi, kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin yana ratsawa. Idan amfilifaya mai wat 100 ce aka ƙure ta, wat 20 ke nan a kan siririyar wayar da ke naɗe cikin tuwita, wadda ba a yi ta don haka ba. Yana ba ni takaici yadda wasu masu gyara, waɗanda ba su taɓa auna martanin da'ira a mitoci daban-daban ba, suke ɗora wa IC laifi don kawai su sayar da sabo.

Ka koma ga tsarin filta na Sallen-Key mai mataki biyu, wanda aka wallafa tun 1955, ka daidaita Q (ma'aunin kaifin lanƙwasar filta a mitar yanke) a kan 0.707. A rabin mitar yanke, kashi ɗaya cikin 17 na ƙarfin ne zai wuce, kuma idan ka jera irin wannan filta guda biyu gangarar za ta zama 24 dB duk lokacin da mita ta ragu da rabi. Sannan ka duba takardar bayanan tuwitar, ka ɗaga mitar yanke zuwa inda kamfanin ya ƙayyade, ka kuma auna da janareton sigina (na'urar da ke fitar da sautin gwaji a mitoci daban-daban) kafin ka jona sabuwar tuwita.