Amsa: Fosfet ya ƙi sauka a tankin kifi da murjani na ruwan gishiri

Ɗan'uwa, ka ce awonka ya nuna fosfet, sinadarin da ke ciyar da gansakuka, ya kai 0.5 ppm (wato kashi cikin miliyan), gansakuka ta rufe duwatsu, kuma duk sauya ruwan da kake yi, bayan kwana biyu adadin ya koma inda yake. Ga dalili: duwatsun murjani da yashi suna shan fosfet su ajiye. Da zarar na cikin ruwa ya ragu, sai su sake sako wanda suka tara. Shi ya sa sauya ruwa kaɗai ba ya kai ka ko'ina.

Fara duba ruwan da kake haɗa gishiri da shi. In na famfo ne ko na rijiya, ka koma na matatar RO/DI, wadda ke tace sinadaran da suka narke a ruwa, ka auna shi kafin ka zuba. Abincin kifi ma babbar ƙofa ce. Ka rage hannu, daskararren kuma ka narkar da shi ka tsiyaye ruwan.

Sannan ka sa GFO, ƙwayoyi ne masu launin tsatsa da ke kama fosfet. Ka wanke su, ka fara da rabin abin da kamfani ya rubuta, ka sauya idan awo ya daina sauka. Don Allah kada ka yi gaggawa, saukar farat ɗaya tana wahalar da murjani, har ya koɗe. Ka nufi tsakanin 0.03 da 0.1 cikin makonni, kada ya kai sifili, domin murjani ma yana buƙatar kaɗan.

Nawa awon nitret ɗinka, wato sinadarin da dattin kifi ke tarawa a ruwa, yake nunawa?