Tambaya da Amsa: Me ya sa yaran ake kamawa, manyan dillalan ƙwaya kuma suna gida?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ƙanena ɗan kabu-kabu ne a cikin garin Sakkwato, kuma kwanakin baya jami'an tsaro suka kama shi da ƙunshin tiramadol a ƙarƙashin kujerar babur ɗinsa. Ya amsa cewa ya san abin da ya ɗauko, amma ya rantse mana bai san mai kayan ba, wani ne kawai yake ba shi ya kai, a biya shi kuɗin aike. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne, ana cewa masu wannan harka kuɗi gare su, alhali shi ko bashin babur ɗin bai gama biya ba. Yaya tsarin waɗannan mutane yake, kuma zai yiwu mutum ya yi wa wanda bai sani ba aiki? Daga wata mai karatu a Mabera, Sakkwato.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya kawo muku mafita. Maganar ƙanenki tana iya zama gaskiya, domin rashin sanin nan da gangan aka gina shi a cikin harkar. Mutane da yawa suna ɗaukar masu fataucin ƙwaya tamkar ma'aikata ce mai shugaba ɗaya da albashin wata, amma a mafi yawan lokuta sarƙa ce ta mutanen da kowannensu ya san na sama da shi da na ƙasa da shi kaɗai, wani lokaci ma da laƙabi ya san su. Idan aka kama ɗaya, iyakar abin da zai iya faɗa shi ne laƙabin da lambar wayar da aka riga aka jefar.

A can sama akwai masu jari, waɗanda ba kasafai hannunsu yake taɓa kayan ba. Yawancin tiramadol ɗin da ake kamawa a Nijeriya daga Indiya yake fitowa, ya shigo ta tashoshin jiragen ruwa, kuma mai ƙarfin miligiram 225 ko 250 ne, alhali hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta NAFDAC ta amince ne da mai 50 da mai 100 kawai. Tabar wiwi kuwa ana noma ta ne a dazukan jihohin Ondo, Edo, Osun, Ekiti da Delta, a danne ta sinƙi-sinƙi a yo Arewa da ita. Daga masu jari kaya yake saukowa hannun manyan dillalan gari, daga su sai masu sari, sannan yaran da suke sayar da ƙulli ko kati a kangaye da lunguna. Tsakanin kowane mataki akwai 'yan aike irin ƙanenki, da kuma masu gadi waɗanda aikinsu shi ne su sanar idan sun ga baƙuwar fuska. Matsayin Sakkwato ya ƙara wa lamarin nauyi, saboda hanyar Illela zuwa Birnin Ƙonni a Jamhuriyar Nijar, da kuma 'yan bindigar da suka addabi gabashin jihar, waɗanda hukumomi suka sha kama masu yi musu safarar ƙwaya.

Batun biya shi ne inda na fi so ki fahimta. Mai sayarwa a ƙasa ba shi da albashi. Kaya ake ba shi bashi, kamar yadda ake ɗora wa yarinya talla a ce ta sayar ta kawo ciniki, sai dai a nan idan kaya ya salwanta, ko an ƙwace shi, ko mai saye ya gudu da kuɗi, bashin yana kan wuyan yaron har ya biya. Ɗan aike kuma kuɗin tafiya ɗaya ake ba shi, ba shi da rabo a riba. Sau da yawa ma ana haɗa ladan da ƙwayar da zai sha, wanda hakan ya fi wa ubangidansa araha, kuma ya fi ɗaure shi, tunda wanda jarabar sha ta kama ba ya iya yin nisa da mai ba shi. A ganina bashin nan da jarabar nan su ne ainihin masu sa ido, sun fi kowane ɗan daba da za a sa ya bi yaro a baya. Duka da barazana ga iyali suna zuwa ne idan an makara da kawo ciniki ko an yi zargin tsegumi.

Ba a nan kaɗai abin yake haka ba. A shekarar 2000 wasu masana biyu a Amurka, Steven Levitt da Sudhir Venkatesh, suka wallafa nazari a kan littafin lissafin wani gungun masu sayar da hodar ibilis a birnin Chicago. Sun gano cewa yaran da suke tsayuwa a bakin titi ba su samun abin da ya wuce mafi ƙarancin albashin ƙasar, da yawansu a gidan iyayensu suke zaune, yayin da shugaban unguwa yake kwashe kaso mai tsoka, shi ma yana miƙa wani kaso ga na sama da shi. Abin da yake riƙe yaran shi ne burin wata rana su zama oga, kuma kaɗan ne ƙwarai suke kaiwa can.

Dalilin da ya sa ba a rasa sabon yaro kuwa shi ne girman kasuwar. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya a Nijeriya, kuma kimanin miliyan 3 daga cikinsu a Arewa maso Yamma suke. Saboda haka idan aka kama ɗan aike da safe, kafin la'asar an sami wani, kuma alkawarin nan na "idan an kama ka za mu fito da kai" ba kasafai ake cika shi ba.

Game da ƙanenki, ki sani cewa dokar hukumar yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi ta NDLEA, wadda aka kafa a 1989, ba ta ɗauke laifi daga mutum don kayan ba nasa ba ne, matuƙar ya san abin da ya ɗauka, kuma hukuncin safara yana iya kaiwa ɗaurin rai-da-rai, ko da yake alƙali yana duba yawan kayan da kuma ko karon farko ne. Babbar Kotun Tarayya ce take sauraron irin wannan shari'a, don haka ku nemi lauya tun yanzu, idan babu hali ku tuntuɓi hukumar gwamnati mai ba da lauyoyi kyauta ga marasa ƙarfi. Idan wani ya zo gida yana neman ku biya kuɗin kayan da aka ƙwace, kada ku biya, ku sanar da lauyan. Idan kuma ya tabbata shi ma yana sha, ku faɗa wa lauyan ya gabatar da hakan a kotu, sannan ku nemi shawarar likitocin asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a kan yadda za a yi masa magani.