Kuɗin goro, shafaffu da mai da girman kai: amsoshin wasiƙun masu karatu

Wasiƙu huɗu na ware wa wannan makon, domin duk a kan magana ɗaya suke: kallon da ake yi wa waɗanda suka fito daga manyan jami'o'i idan suka kama aiki a banki ko kamfanin zuba jari.

Ta farko daga wata baiwar Allah ce da ke aiki a sashen bayar da rance. Ta ce: "Malam, an kawo mana sabon ma'aikaci daga wata shahararriyar jami'a. Tun bai zauna a kujerarsa ba aka yanke masa hukunci, wai irinsu kai ne da su, ba sa jin magana, kuma ban da iya bakinsu ba su san aiki ba. Na ce kuɗin goro ake yi masa, sai abokan aikina suka ce ba a yi wa mutum ɗaya kuɗin goro. Wa ke da gaskiya?"

Ke ce da gaskiya, Malama, ko da yake su ma sun lura da wani abu. Yawanci jam'i ake haɗa maganar da shi: an yi musu kuɗin goro, kada ka yi mana kuɗin goro. Dalili kuwa, goro da ƙirga ake cinikinsa, ƙwarya ɗaya goro 100, ba a tsayawa a yi wa kowace ƙwara nata farashi. To amma idan aka sa wa taro farashi, ai mutum ɗai-ɗai ne ke biya. Wannan yaro da ya zo muku shi ne ke biyan kuɗin da aka yanka wa dubban da ba ku taɓa gani ba. In kina son ki rufe bakin masu gardama, ki ce an haɗa shi a kuɗin goro.

Kada ki haɗa wannan da shafa kashin kaji. Mai shafa wa wani kashin kaji ya san wanda yake nufi, kuma da gangan yake ɓata shi. Mai kuɗin goro sau da yawa ba ya da mugun nufi, ƙyuyar tantancewa ce ke damunsa. Wannan ne ya sa cutarwarsa ta fi yaɗuwa, don mai yin ta ba ya jin ya yi laifi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne a ce a gidan kuɗi ake wannan. Ke da kanki ba za ki ba mutum rance don ya fito daga unguwar masu hali ba, sai kin buɗe littafinsa kin ga shigarsa da fitarsa. Duniya kuma ta ga abin da ke faruwa idan masu kuɗi suka daina buɗe littafi. Kafin rikicin 2008, a Amurka an riƙa tara dubban basussukan sayen gida a dunƙule su wuri guda, masu kyau da ruɓaɓɓu, kamfanonin tantance bashi su buga wa yawancin dunƙulen tambarin inganci mafi girma, a sayar wa duniya. Da masu gidajen suka kasa biya, ginin ya rushe, bankin Lehman Brothers ya durƙushe ranar 15 ga Satumba, 2008. Wanda sana'arsa ta sha wannan kashi bai kamata ya auna abokin aikinsa da tambarin makaranta ba.

Kuma kuɗin goron nan fuska biyu gare shi. Abokan aikinki sun yi shi ne zuwa ƙasa, amma masu ɗaukar ma'aikata sun daɗe suna yin sa zuwa sama. Lauren Rivera ta jami'ar Northwestern ta yi bincike a kan yadda manyan bankunan zuba jari da kamfanonin lauyoyi da na ba da shawara suke ɗaukar aiki a Amurka, ta nuna cewa suna da 'yan makarantu ƙalilan da suke zuwa zawarci, takardar wanda ba daga can ya fito ba kuwa sau da yawa ko buɗe ta ba a yi. Don rage irin wannan ne kamfanin Deloitte a Birtaniya ya sanar a 2015 cewa zai riƙa ɓoye wa masu ganawa da masu neman aiki sunan makarantar da mutum ya yi.

Wasiƙa ta biyu gajera ce: "Malam, mene ne bambancin shafaffe da mai da ɗan gata? A ofishinmu duka biyun ake kiran 'yan manyan jami'o'i."

Dubi ginin kalmar, ɗana. Shafaffe, shafaffiya, shafaffu, daga aikatau shafa, kamar yadda dafaffe ya fito daga dafa. Wannan siga tana nuna wanda aikin ya faɗa wa, hannun wani ne ya yi shafar. Saboda haka idan ka ce wa mutum shafaffe da mai, kana cewa ƙyallin da yake yi ba daga jikinsa ya fito ba, masu iko ne suka zaɓe shi suka fifita shi. Akwai zargi a ciki, kuma zargin ya fi hawa kan mai shafar. Gata kuwa asalinsa kulawa ce da tsayawar iyaye ko wani babba a bayan mutum. Ɗan gata ba zagi ba ne a karan kansa, har addu'a ake yi Allah ya zama gatan mutum. Ɗan lele shi ne ya fi kusa da shagwaɓa.

Shin sunan ya dace da su? Da wasu, ƙwarai. A 2023 masana tattalin arziki Raj Chetty da David Deming da John Friedman sun fitar da bincike a kan jami'o'i takwas na rukunin Ivy League, irin su Harvard da Yale da Princeton, tare da wasu takwarorinsu huɗu. Sun gano cewa ɗan gidan da ke cikin kashi 1 cikin 100 na masu arzikin Amurka ya ninka ɗan matsakaicin gida fiye da sau biyu wajen yiwuwar shiga waɗannan makarantu, ko da makinsu na jarrabawar shiga ɗaya ne. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya, haka magabata suka ce, kuma ba su yi ƙarya ba. Amma a aji ɗaya da wannan ɗan gatan akwai wanda ya shiga da tallafin karatu, iyayensa ko ƙofar jami'a ba su taɓa takawa ba. Shi kam idan aka kira shi shafaffe da mai an zalunce shi sau biyu: a makaranta yana jin baƙo ne, a ofis kuma an ɗora masa gatan da bai taɓa gani ba.

Ta uku ita ce ta fi tsayar da ni. Wani dattijo da ya ce ya daɗe a sashen saye da sayar da hannun jari ya rubuto: "Malam, yaran nan suna magana kamar sun san komai. Girman kai ne, ko taƙama, ko ji-da-kai? Kuma ba a kansu aka ce girman kai rawanin tsiya ba?"

Alhaji, Hausa ta rarraba waɗannan, kuma rarrabewar tana da amfani. Taƙama tana iya zuwa da hujja: mutum yana taƙama da ƙarfinsa, ko da ubangidansa, ko da iliminsa, abin da yake taƙamar da shi yana nan. Fankama ita ce taƙama babu komai a ƙasa. Ji-da-kai kallon da mutum yake yi wa kansa ne, yana iya tsayawa a cikinsa bai taɓa kowa ba. Girman kai ne kaɗai ba ya tabbata sai da wani a gefe, don sai an raina wani ko an ƙi karɓar gyara daga wani. Hadisin da ke cikin Sahih Muslim ya fassara shi da ƙin gaskiya da wulaƙanta mutane, kuma Bahaushe a kan wannan ma'anar yake.

To ga ma'auni. Yaron da ya tsaya a taro ya yi bayani da ƙarfin murya bai yi girman kai ba tukuna, an horar da shi a kan haka ne tun a makaranta, inda ake ba da maki a kan iya kare ra'ayi. Ka bari sai ranar da ka zauna kusa da shi, ka sa yatsa a kan layi na arba'in na jadawalinsa, ka ce masa ruwan da ya lissafa a nan na shekara ne, alhali rancen na wata shida ne. In ya yi shiru, ya duba, ya ce haka ne, ya gyara, to taƙama ce kawai gare shi, kuma shekaru za su goge ta. In ya fara kawo maka sunan malaminsa da makarantarsa, rawanin ya hau kansa.

Karin maganar kuwa ba ta ambaci makaranta ba, kuma tarihin sana'arku ya ba da shaida ta ɓangarori biyu. Kamfanin zuba jari na Long-Term Capital Management, da aka kafa a 1994, yana da Myron Scholes da Robert Merton, waɗanda suka karɓi kyautar Nobel ta tattalin arziki a 1997. Sun amince da lissafinsu har suka ci bashin da ya ninka jarinsu sau da yawa. Da Rasha ta kasa biyan bashinta a 1998, kamfanin ya tafi ƙasa, sai da babban bankin Amurka reshen New York ya tara manyan cibiyoyin kuɗi 14 suka zuba kusan dala biliyan 3.6 don kada gobarar ta ci kasuwa. A ɗaya gefen, Nick Leeson bai yi jami'a ba sam, daga aikin akawu ya taso. Yana ofishin bankin Barings na Singafo ya yi asara, ya ɓoye ta a wani asusu, ya ci gaba da caca don ya cike gurbin, har ta kai fam miliyan 827. A 1995 bankin da aka kafa tun 1762 ya rushe, aka sayar da shi fam ɗaya. Masu digirin da marar digirin cuta ɗaya ce ta kwantar da su, kowannensu ya kasa cewa na yi kuskure tun asarar tana ƙarama.

Ta ƙarshe daga ɗaya daga cikin waɗanda ake maganar ce. Ta ce ta gama babbar jami'a, ta shiga banki, kuma ta gaji da jin ana cewa ta samu a sama. Tana neman karin maganar da za ta riƙa mayar musu, wai ko ta ce kowa ka gani a inuwa ya sha rana.

'Yata, na san kin sha ranar. Ko a 2021 wasu sababbin ma'aikata 13 na bankin Goldman Sachs sun rubuta koke cewa suna aikin sama da awa 90 a mako. Amma ban ba ki shawarar wannan karin magana ba. Ta bakin wani take daɗi, idan mutum ya faɗe ta a kan kansa sai ta koma yabon kai, kuma wanda kike faɗa wa yana iya kasancewa ya fi ki shan rana bai samu inuwar ba. Hassada ga mai rabo taki ma ki ajiye ta, don za ta mayar da duk mai gyara miki aiki mahassadi, alhali a cikinsu akwai tsofaffin hannu da suka san abin da ba a koyarwa a aji: wane abokin ciniki ne alkawarinsa ya fi takardarsa, wane rahoto ne ake duba shi sau biyu kafin a sa hannu. Ki nemi ɗaya daga cikinsu, ki kai masa aikinki kafin ki miƙa wa shugaba, ki ce ya duba miki.

Akwai wasiƙu biyu a kan kalmomin riba da ruwa da uwar kuɗi, su ne za mu ɗauka mako mai zuwa in Allah ya kai mu.