Amsa ga ɗan'uwan da ejan zai kai Dubai aikin gini

Salam ɗan'uwa, na ga tambayarka, ejan ya ce ka kawo miliyan biyu ya samo maka leburanci a Dubai albashi dirhami 1,200, har kana tunanin sai da filin gado. Ni shekara uku na yi can, 2017 zuwa 2020, ba labari aka ba ni ba.

Dubai ɗin da kake gani a Instagram, su Burj Khalifa da motocin nan, ba can za ka kwana ba fa. Mu Sonapur aka zube mu can bayan gari, mu takwas a ɗaki kan gado mai hawa biyu, ni kaɗai Bahaushe sauran 'yan Bangaladash ne da Nepal, kowa tukunyarsa na ƙarƙashin gado, takalman aiki jere a bakin ƙofa suna tashin wari. Biyar na asuba bas ta iso, sallar ma a gurguje, ba kai ba gida sai bayan magariba. Kuma kar ka ce ai ka saba da ranar Sakkwato, tasu da gumi take tafe, kafin hantsi rigarka kamar an tsamo ta daga rijiya. Akwai dokar hutun rana daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba, 12:30 zuwa 3, wannan kam ana bi, sai dai gindin bango muke yinsa kan kwali.

Kuɗin ne abin baƙin cikin. Ni ma 1,200 aka ce min, da na zo sa hannu sai na ga 800 ne ainihin albashin sauran wai alawus, kuma kuɗin sallama da wannan 800 ɗin ake lissafa shi, na kwana 21 duk shekara. Wa za ka kai wa ƙara, ƙasar ba ta yanke wa baƙi mafi ƙarancin albashi ba. Ka ci abinci, ka sai kati, a gida kuma ana ganin ai kana Dubai kowa da buƙatarsa, wallahi wata goma sha huɗu na yi ina biyan bashin tafiyar kawai. Fasfo tun ranar farko kamfanin ya karɓe wai za su adana min, doka ta hana amma wa ya isa ya yi magana, ka fita su rubuta ka gudu.

A dokarsu mai ɗaukarka aiki ne ke biyan kuɗin biza da ɗauka, ba kai ba. Ka ce wa ejan ɗin ya nuna maka takardar tayin aiki ta ma'aikatar ƙwadagonsu, MOHRE. In ka ji ya ce ka fara shiga da bizar ziyara daga baya a juya ta zuwa ta aiki, riƙe filinka, don in ta ƙare tarar dirhami 50 ce kullum, na sha ganin yaranmu a unguwar kasuwa ta Deira wajen Naif suna dakon kayan 'yan kasuwa ko kuɗin tikitin komawa babu.

In ya turo takardar ka ɗau hotonta, ka rufe lambar fasfonka ka sako nan mu duba maka.