An yi min tayin dillancin garin "sitem sel", in zuba jarina?

Tambaya: Malam, ina da shagon kayan masarufi a Terminus, Jos. Wani ya yi min tayin dillancin wani garin magani a 'yan ƙananan leda, wai "sitem sel", yana warkar da ƙanjamau. Rajista da katan biyar naira dubu 600, kuma ina da kamasho kan duk dilan da na kawo. Har labarin Baturen da ya warke ya nuna min a waya.

Amsa: Alhaji, riƙe kuɗinka. Labarin Baturen gaskiya ne, amma ba gari ya sha ba. Sunansa Timothy Ray Brown, ɗan Amurka. Sankarar jini ce ta kama shi, aka yi masa dashen ƙwayoyin ɓargo, waɗanda su ne ainihin "sitem sel" ɗin, a Jamus a 2007 da 2008. Likitocinsa sun zaɓo mai bayarwa da aka haifa ba shi da wata ƙofa a jikin ƙwayoyin garkuwarsa, CCR5, wadda HIV, ƙwayar cutar ƙanjamau, ke bi ta shiga. Masu irin wannan halitta kusan ɗaya ne cikin ɗari a arewacin Turai. Haka aka yi wa Adam Castillejo a Landan a 2016, shi ma sankara ce ta kai shi.

Kafin dashen sai an ƙone ɓargon majiyyaci da magunguna masu ƙarfi, ya yi makonni a killace, ko mura na iya kashe shi. Sabon ɓargon kuma yakan juya ya farma fata, hanta da hanji. Shi ya sa ba a yin dashen don HIV kaɗai. Ƙwayoyin nan rayayyu ne, ta jijiya ake sa su; yaya za a yi su zauna a leda cikin ranar Terminus?

Ta fuskar ciniki kuwa, duba inda ribar take fitowa: daga rajistar sababbin diloli, ba daga mai saye ba. Ranar da ka rasa wanda za ka jawo, katan biyar sun kwanta maka. Lambar NAFDAC, ko da ta gaske ce, ba izinin cewa kaya na warkar da ƙanjamau ba ce, kuma a shagonka za a kama kayan, ba a wayar mai tayin ba.

Abin da ya fi damuna shi ne kwastoman da zai ajiye maganinsa na ARV mai danne ƙwayar cutar ƙanjamau, wanda kyauta yake karɓa a JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, saboda ya yarda da kai. Cikin 'yan makonni ƙwayar cutar take dawowa a jininsa.

Dubu 600 ɗin nan, ƙara shinkafa da man gyaɗa, ka ware kaɗan don kuɗin haya.